Ɗaurin Tabarma ga Sallau Mai Huluna

An ce wai an yi wani alƙali a garin Rafin Kanya, ba a zamanin da can ba, a wannan zamani namu na waya da intanet, ana ce masa Malam Jatau. Dattijo ne mai jinkirin magana da saurin fahimta, irin mutanen da in ka kai musu ƙara sukan ji abin da ka faɗa da kunne ɗaya, su ji abin da ka ƙi faɗa da ɗayan. In ya taso daga kotu yakan zauna a zaurensa bayan la'asar yana yi wa mutane sulhu, kuma al'adar garin ce duk wanda ya yarda ya zauna a gabansa, to ya yarda da abin da zai yanke.

A garin nan akwai wasu wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya suke zaune tare da tsohuwarsu, Inna Tabawa. Babban shi ne Sallau, mai sayar da huluna a bakin kasuwa, wanda in ya dubi kan mutum sau ɗaya zai faɗi lambar hularsa ba tare da ya ɗauko magwaji ba. Ƙaramin shi ne Badamasi, mai gyaran waya, saurayi mai fara'a da sakin hannu, bai yi aure ba tukuna.

Sallau yana da ɗa na fari, Zubairu, ɗan shekara tara. To, kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Sallau ta wuce ta kowa. Bai taɓa ɗaukar yaron nan ba ko yana jinjiri, bai taɓa kiran sunansa ba, ko laƙabi bai yi masa ba. In yana son ruwa sai ya ce, “Kai, wane ne a nan?” alhali yaron ne kaɗai a tsakar gida. In an yabi Zubairu a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran bakin riga. Mutane suna cewa, “Kai, Sallau akwai kara!” shi kuwa yana jin daɗin yabon. Ba wanda ya san cewa a duniya ba abin da yake so kamar yaron nan, domin bai taɓa bari ko inuwarsa ta sani ba.

Ana nan sai Badamasi ya sayo na'urar gem, irin wadda ake jona wa talabijin, mai hannu biyu na dannawa, ya kafa ta a ɗakinsa na soro. Tun daga ranar Zubairu ya tare. In ya dawo daga makaranta, ɗakin Baffa. In an taso daga Islamiyya, ɗakin Baffa. Su buga ƙwallo, su yi tseren mota, su yi ta ihu kamar sa'o'in juna, Baffa ya ɗaga shi sama in ya ci, ya ja masa kunne in ya yi wauta.

Ana cewa kishi kumallon mata, to wanda ya faɗi haka bai leƙa cikin maza ba. Mata dai sukan amayar su huta, namiji kuwa haɗiye nasa yake yi ya bar shi yana cinsa. Kullum Sallau ya dawo daga kasuwa sai ya bi ta ƙofar soro, kullum kuwa sai takalminsa ya sami matsala daidai ƙofar ɗakin Badamasi. Ya duƙa yana gyara, yana jin dariyar ɗansa, irin dariyar da bai taɓa jin an yi ta a gabansa ba. Wata rana ya sayo tsire mai zafi, zuciyarsa na kan mutum ɗaya, amma bakinsa ya ce, “A raba wa yara.” Zubairu ya karɓi rabonsa, ko ɗanɗanawa bai yi ba, ya ruga yana kira, “Baffa! Baffa, zo mu ci!” Sallau ya bi shi da kallo, ya ji kamar a maƙogwaronsa aka zuba yajin.

Abin da ya fi ƙona masa rai a kasuwa ya faru. Zubairu ya zo wucewa ta gaban rumfarsa da wani abokinsa, ya durƙusa ya gaishe shi, Sallau ya amsa yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba. Ba su yi nisa ba abokin ya ce, “Wannan ba shi ne babanka ba?” Zubairu ya ce, “Shi ne. Amma ba ya sona, Baffa ne yake sona.” Ba da fushi ya faɗa ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labarin cewa yau Talata. Sallau ya ji da kunnensa. Ranar nan, mutumin da bai taɓa kuskuren awo ba ya ɗora wa wani alhaji hular da ta rufe masa gira.

Ana cikin haka Badamasi ya sami babban shago a birni, ya ce zai koma can bayan babbar sallah. Ya sami Inna Tabawa ya ce, “Inna, a ba ni Zubairu in tafi da shi, in sa shi a makaranta mai kyau.” Tsohuwa ta ce, “Wannan har sai ka roƙa? Ɗan fari ai ba na uba ba ne, na dangi ne. Yayanka ma ai a hannun ƙanen ubanku ya girma.” Aka kira Sallau don a fita hakkinsa. Ya zauna, ya dubi ƙasa, ya ce, “Ai naku ne, Inna. Yadda kuka yi daidai ne.” Ya faɗi abin da al'ada ta ce ya faɗa, ya fita yana ganin duhu da rana tsaka. Za a tafi masa da ɗa, ga shi da baki, amma ba damar ya ce a bar masa shi.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Da Sallau ya rasa yadda zai yi da al'ada, ya rasa yadda zai yi da ƙanensa, sai ya tattara haushinsa kaf ya ɗora wa na'urar. Allah kuwa ya ba shi sanda. Wata rana da hantsi Zubairu ya ɗauki taɓarya ya saita ƙanwarsa kamar mai bindiga, ya ɗura mata wani ashar da ko 'yan tasha sai sun waiwaya kafin su faɗa, sannan ya ce ta faɗi ta mutu. Yarinya ta fashe da kuka. Sallau yana ɗaki yana ji, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma in za a faɗi gaskiya, a ƙarƙashin ɓacin ran nan akwai wani ɗan sanyi na wanda ya sami hujja. Bai bari rana ta faɗi ba sai da ya kai ƙarar ƙanensa zauren Malam Jatau.

Aka taru. Ga Sallau, ga Badamasi rungume da na'urarsa da fayafayanta, ga Inna Tabawa ta ja mayafi tana ta tsaki, ga Zubairu a rakuɓe. Alƙali ya ce mai ƙara ya yi magana.

Sallau ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ƙanena ya kawo mana annoba gida. Yaron nan da ba ya ɗaga ido, yau shi ne yake zagi, shi ne yake harbin ƙanwarsa da taɓarya. Karatu ya ja baya, aike sai an yi da gaske. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ana tanƙwara shi ne ta inda ba ta dace ba. Ina roƙo a farfasa wannan akwati a gaban jama'a, a kuma hana Badamasi zama da yaron nan, ko a gida ko a wani gari.”

Da ya zo kan “ko a wani gari” muryarsa ta ɗan yi rawa. Ba wanda ya lura sai alƙali, shi ma bai nuna ba. Ya juya ga wanda ake ƙara.

Badamasi ya ce, “Allah ya gafarta Malam, Yaya ne gaba da ni, ba zan yi musu da shi ba. Amma a tambaye shi, wa ya koya wa yaron nan hawan keke? Wa yake kai shi asibiti in ba shi da lafiya? Wa ya san abin da yake tsoro da abin da yake so? Ni ban sace ɗan kowa ba, a yashe na same shi na ɗauka. Gem kuwa duk yaran zamani suna yi. In an fasa wannan, gobe zai je shagon gem na bayan tasha, inda ba Baffa ba Baba, sai 'yan shaye-shaye.”

Maganar “a yashe” ta soki Sallau har ya yunƙura, alƙali ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Jama'ar da ke zauren suka rabu biyu. Dattawa suna cewa a fasa, matasa suna cewa a bari, kowane ɓangare kuma da gaskiyarsa. In an fasa, an kori yaro zuwa inda ya fi muni. In an bari, an bar shi cikin abin da ya riga ya fara ɓata shi.

Malam Jatau ya ce, “Ni ban iya yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, gani ya kori ji.” Ya sa aka ɗauko talabijin daga cikin gida aka jona. Aka sa faifan ƙwallo, ya kalla, ya gyaɗa kai. Aka sa na tseren mota, har ya yi murmushi. Aka sa wani na gina gidaje da gonaki, ya ce, “Wannan ai ko ni na yi.” Sannan aka sa wani mai baƙin kwali. Nan take zaure ya cika da ƙarar harbi, ga jini yana tsartuwa, ga mutane suna zagin juna. Inna Tabawa ta rufe ido tana salati. Alƙali ya ce a kashe, ya karɓi kwalin ya jujjuya shi, ya nuna wata lamba da ke kusurwarsa.

Ya ce, “Badamasi, wannan sha takwas ɗin fa?”

Badamasi ya sosa ƙeya ya ce, “Wai shekarun wanda ya kamata ya buga ne. Amma Malam, Turawa ne suka rubuta don 'ya'yansu. Namu yaran ai da wayonsu ake haifarsu.”

Alƙali ya ce, “To, madalla. Mutanen da suka ƙera abin, masu neman a saya ido rufe, su da kansu suka ce kada a ba yaro, kai kuma ka fi su sanin abin da suka dafa. Sallau, kai mai sana'ar lamba ne. In ka ɗora wa ɗan shekara tara hular ƙaton mutum, me zai faru?”

Sallau ya gyara zama, don ya ga shari'a ta juyo gefensa. Ya ce, “Za ta rufe masa ido, Allah ya gafarta Malam, ya yi ta karo da bango.”

Alƙali ya ce, “Ka ji, Badamasi. Lambar nan awo ce, ba ado ba. Ka ɗora wa yaro hular da ta fi kansa, ta rufe masa ido, har ya daina ganin ƙanwarsa ƙanwa ce.” Sannan ya yafito Zubairu, ya zaunar da shi kusa da gwiwarsa, ya sassauta murya. Ya ce, “Malam Zubairu, in Baffa ya tafi shago, da wa kake bugawa?”

Yaro ya ce, “Da abokina.”

“Ɗan wane gida ne?”

“Ban sani ba. A cikin gem yake, ta abin kunne muke magana. Babba ne, muryarsa irin ta Baffa. Ya ce in riƙa ce masa Babban Yaya.”

“Me yake ce maka?”

“Yana ba ni bindigogi masu kyau a ciki. Ya tambaye ni sunan makarantarmu da hanyar da nake bi. Ya ce in aiko masa da hotona, amma kada in gaya wa manya, za su hana mu wasa.”

Badamasi ya dafe kai ya ce, “Innalillahi! Wallahi Malam ban sani ba. Ni dai nakan bar masa ɗakin in tafi aiki.” Sallau kuwa tsoro da fushi suka haɗu masa, ya nuna ƙanensa da yatsa ya ce, “Kun gani ko? Kun ji abin da nake faɗa!”

Alƙali bai kula shi ba. Ya ce wa yaron, “Ka gaya masa makarantar taku?” Yaro ya ce a'a, ya dai ce wa mutumin sai gobe. Alƙali ya yi hamdala, ya ce, “To kai kuwa me ya sa kake son hira da mutumin da ba ka taɓa gani ba?”

Zubairu ya saci kallon inda ubansa yake, sannan ya ce, “Kullum yakan tambaye ni yadda na wuni.”

Yatsan Sallau da ke sama ya sauko a hankali. Malam Jatau ya dube shi ya ce, “Sallau, lamba nawa kaina?”

Ya ce, “Ashirin da uku, Malam.”

“Na Badamasi fa?”

“Ashirin da biyu da rabi.”

“Na ladanin masallacinmu?”

“Ashirin da ɗaya.”

“Na Zubairu fa?”

Sallau kuwa bai taɓa duban kan yaron nan tsawon da zai iya auna shi ba. Inna Tabawa ta yi caraf ta ce, “Haba Malam, ɗan fari ne fa! Ina shi ina ƙare masa kallo?”

Alƙali ya ce, “Na sani, Iya, ni ma ɗan fari ne, na kuma haifi ɗan fari. Ku saurara ku ji hukunci.”

Ya gyara rawaninsa ya ce, “Na ga uba wanda yake son ya hana komai don bai san komai a cikin abin ba, na ga baffa wanda ya bar komai don ba ya son yaro ya ɓata rai. Ɗaya ya rufe ƙofa ya zauna a waje, ɗaya ya buɗe ƙofa ya tafi kasuwa, sai wani na uku ya shigo ta tsakaninku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka, baƙin faifan nan da duk mai lamba sama da shekarun yaro, Badamasi ya kwashe su. Ya toshe hanyar da baƙo yake magana da shi yau ɗin nan a gabana, ya kai rahoton mutumin nan inda ake kaiwa, kada kuma yaro ya sake hira a ciki da wanda ba ku san fuskarsa da gidansu ba. Kai kuma Zubairu, duk wanda ya ce maka kada ka gaya wa manya, to wannan maganar ita za ka fara kai wa manya. Na'ura kuwa ba za a fasa ta ba, domin ba a fasa tukunya don an dafa abin da bai dace ba a cikinta. Za ta fita daga soro ta koma rumfar Sallau a tsakar gida, inda kowa ke wucewa.”

Sallau ya fara murmushin nasara. Alƙali ya ce, “Ban gama ba. Saura hukuncin mai laifi. Sallau, na ɗaure ka.”

Sallau ya zabura ya ce, “Ni, Malam? Ai ni na kawo ƙara!”

“Kai ɗin dai. Na yi maka ɗaurin tabarma daga yau har babbar sallah. Kullum in ka taso kasuwa, yaro ya gama karatunsa da aikensa, za ka zauna a kan tabarma ɗaya da shi tsakanin la'asar da magariba. Shi ya riƙe hannu ɗaya, kai ka riƙe ɗaya. Ba zai buga ba sai da kai, kai kuma ba ka da izinin tashi sai an kira salla. Maganar tafiya birni na ajiye ta, sai ranar da ɗaurinka ya ƙare.”

Zaure ya kaure da dariya. Inna Tabawa ta tafa hannu ta ce, “Yau na ga abin da ya isa! Uba da ɗan fari a tabarma ɗaya suna wasa? Malam, so kake a yi da mu a gari?” Sallau ma ya ce, “Allah ya gafarta Malam, da wane ido zan dube shi?”

Alƙali ya ce, “Wa ya ce ka dube shi? Kunya a ido take. Wannan wasa kuwa na lura da shi ɗazu, masu yinsa ba sa kallon juna, kafaɗa da kafaɗa suke zama kowa idonsa na kan talabijin. Ka dubi gabanka, ya dubi gabansa, kunyarku tana nan ba wanda ya taɓa ta. Batun surutun mutane kuwa, Iya, wanda aka tilasta ba shi da laifi. Duk wanda ya yi wa Sallau gori, ya ce masa ba son ransa ba ne, Jatau ne ya ɗaure shi. In mai gorin yana da ƙarin bayani, ya same ni a nan.”

Sallau ya ɗago ya dubi alƙali, alƙali ya dube shi. Labarin zuciya a tambayi fuska. A nan Sallau ya gane cewa dattijon nan ya ji ƙarar da bai shigar ba, ya kuma ba shi abin da yake so a cikin kwanon da ba wanda zai zarge shi don ya karɓa. Ya sunkuya ya ce, “Na karɓi hukunci,” yana ɓata fuska iya ƙarfinsa don kada a gane.

Ranar farko abin ya zama abin tausayi. Sallau ya zauna a can bakin tabarma kamar baƙon da ya zo gaisuwar mutuwa, ya riƙe hannun gem a juye. Zubairu yana tsoron ya gyara masa, shi yana kunyar ya tambaya. Aka sa ƙwallo, Sallau ya ɗauki ƙwallo da gudu ya zura a ragarsa. Yaro ya cije leɓe, ya kumbura kumatu, abin ya fi ƙarfinsa, ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa. Sallau ya ji dariyar nan da ya saba ji ta bayan ƙofa, yau ga ta a gefen kafaɗarsa. Ya ce, idonsa na kan talabijin, “To, malam gwani, ina ake dannawa?” Wani ɗan ƙaramin hannu ya zo ya kama babban yatsansa ya ɗora shi a inda ya dace.

Daga nan abu ya miƙe. Sallau ya koyi duba lambar kwali kafin a sa faifai, ya koyi tambayar wane ne wannan in ya ga baƙon suna, ya koyi cewa “ya isa haka” in ladan ya yi gyaran murya, yaro kuma ya daina gardama, don wanda ya ce a tashi shi ma bai ƙoshi ba. A kan tabarmar nan, ba tare da ido ya haɗu da ido ba, ya ji sunan malamin da ke tsorata Zubairu, ya ji cewa lissafi ne ke ba shi wuya, ya ji dalilin da ya sa ba ya son bin layin mahauta. Mutanen kasuwa suka yi ta tsokanarsa, “Ina ɗaurarre? Yau ci nawa aka yi maka?” Shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce, “Ku bari kawai, hukunci ne,” yana ta sauri ya rufe rumfa tun rana da sauranta.

Sai kumallo ya sauya ciki. Yanzu Badamasi ne yake dawowa daga shago ya tarar da ɗakinsa shiru, ya jiyo ihu daga tsakar gida. Ya leƙa ya ce, “Zubairu, zo ka raka ni,” yaro ya ce, “Baffa, bari mu gama wannan,” ko waiwayowa bai yi ba. Badamasi ya koma ɗaki ya zauna. Ya gaya wa Inna cewa alƙali ya yi masa fashi da rana tsaka, shi ya yi renon, wani ya zo ya ɗauke. Ni dai ban ga laifinsa ba, domin shi ma da gaske yake son yaron, kuma ba abin da ya kai a saba da kai sannan a daina nemanka ciwo.

Sallah ta zo ta wuce, aka koma zauren Malam Jatau. Alƙali ya ce, “Sallau, ɗaurinka ya ƙare, na sake ka. Saura maganar tafiya. Zubairu, ga Baffanka zai tafi birni, me ka gani?”

Yaro ya dubi Baffa, idonsa ya ciko. Ya ce, “Ina son Baffa. Amma in na tafi wa zai koya wa Baba? Har yanzu fa bai iya bugun kwana ba.”

Aka yi dariya, ban da Sallau da Badamasi. Inna Tabawa ta ce, “Shirmen yaro ke nan. Ai ba a tambayar yaro, uba kuma ya riga ya ba da shi da bakinsa. Ko ba ka ce namu ne ba, Sallau?”

Yanzu ba sauran ɗauri, ba sauran alƙalin da za a fake da shi. Malam Jatau ya ɗauki carbinsa ya kau da kai, ya nuna wannan ba tasa ba ce. Sallau ya dubi ƙasa kamar yadda ya saba. Sannan ya ɗago, ya juya, ya dubi ɗansa ido cikin ido a gaban uwarsa da ƙanensa da dattawan gari.

Ya ce, “Inna, ki gafarce ni, na faɗa ne ba da zuciyata ba. Badamasi, ka yi mini abin da ban yi wa kaina ba, Allah ya saka maka, in an yi hutu zan kawo maka shi da ƙafata. Amma Zubairu ba za shi ba. Ina son ɗana.”

Inna Tabawa ta rufe baki da mayafi. Badamasi ya share ido da bayan hannu ya ce, “Da ka faɗi haka tun farko, Yaya, da ban roƙa ba.” Zubairu kuwa bai ji sauran maganar ba. Tsaye yake ƙiƙam yana kallon ubansa, domin tun da aka haife shi bai taɓa jin yadda sunansa yake fita daga wannan bakin ba.

Shi ya sa masu hankali suka ce, yaro ba ya bin wanda ya haife shi don ya haife shi, yana bin wanda ya zauna da shi ne. In ka bar gefen tabarmar ɗanka babu kowa, wani zai zauna, kuma ba kai za ka zaɓi ko wane ne ba.